Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Na bar Daura tun Ɗan'auta bai hura wutar shayi ba,
takarduna cikin leda, ledar cikin aljihun ƙirji,
ina dafa ta kamar mai ciwon zuciya.

Shekara ashirin da bakwai ina kan sitiyari.
Agadas ta san ni, Dirku ta san tarin motata.
Na tuƙa inda babu hanya,
sai tauraro da ƙashin raƙumi.
Yau ga ni kan benci a Katsina,
ni ne na arba'in da ɗaya,
tsakanin ɗan makaranta da wata mai jego.

Akawu ya juya permina, ya sake juyawa.
"Wannan na can ne, baba."
Can! Daga ƙofar gidana zuwa Kwangwalam
ba a gama cin goro ɗaya.
Harshen da ya kore ni da shi,
da shi aka yi mini huɗuba a Matamaye.

Ya ce sunana. Na ce Shu'aibu.
Ya ce ba haka katina ya ce ba,
ya karanto wani Caibu, yana tauna harufan Faransa
kamar mai cin tsaki da tsakuwa.
Mutum biyu ne, in ji shi, sai an rantse a kotu.
Na je na rantse cewa ni ne ni.
Kuɗin rantsuwar ya fi kuɗin man da ya kawo ni.

Alamomin hanya kuwa Zuwaira ta koya mini,
autata, haifaffiyar Daura, 'yar aji biyar.
Ta zana su da gawayi bayan ɗakin girki,
tana riƙe da karan dawa:
"Baba, wannan fa?"
Na san abin da yake nufi tun kafin a haifi uwarta,
sunansa na Turancin nan ne ke zille mini.
In na faɗi, ta kyaɓe baki irin na malamarsu.

Mai gwajin yaro ne, farar riga, baƙin wando.
Ya jera gwangwanaye huɗu, ya ce in yi baya.
Ni da na sauko da tirela daga tudun yashi
da dare, da fitila ɗaya,
sai ga ƙafata tana rawa kan kuloci.
Na shige ban taɓa ko ɗaya ba.
Ya rubuta wani abu, bai ɗago ba.

Saura yatsa.
Na ɗora kan gilashi, na'ura ta yi ja.
Na sake, ja.
Sitiyari ya cinye zanen, gas ya wanke saura.
Malama Tasalla ta ce in shafa a goshi, ya ɗan sami maiƙo.
Na shafa a inda nake kai wa ƙasa sau talatin da huɗu kullum.
Kore.
Ta ce, "Ka gani, goshi ya yi maka shaida."

Takarda aka ba ni, ba kati ba,
wai katin sai wata biyu, in da rabo.
Hoton ya fito kamar wanda aka tasa daga barci.

Shekara tara shingen Mashi bai taɓa barina ba,
shekara tara ina murmushin mai laifi,
hannuna na lalube a ƙasan kujera.
Yau na rage gudu tun daga nesa,
na gyara hula, na fito da ledar.
Jami'in yana waya. Ko kallona bai yi ba,
ya kaɗa hannu, wuce.

Ban wuce ba.
Na gangara gefe, na kashe mota,
na tsaya har ya gama wayarsa.