Takardar Lokotoro

Shekara tara ina bakin tanda
a gidan burodin Alhaji Ɗan Jimma, can cikin Zango.
Ƙarfe uku na dare nake tsoma hannu a kwaɓi,
kafin ladan ya gyara murya na ga bayan buhu huɗu.
Rabin Damagaram da gumina suke shan shayi
ba su san sunana ba.
Tasi'u ne.

Ran Talata zazzaɓi ya shigo, ko sallama babu.
Na ce na damina ne, ganyen dogon yaro zai kore shi.
Ran Juma'a faranti ya suɓuce mini,
burodi arba'in a ƙasa, ni ma na bi su.
Kabu-kabu ya ɗauke mu mu biyu,
Lawali na tallafe da ni kamar buhun gawayi.

Lokotoro ya duba ido, ya duba jini, ya ce taifot.
Ya rubuta hutun kwana goma sha biyu,
ya buga hatimi har tebur ya amsa.
Habsu ta naɗe takardar a leda,
ta tura ƙarƙashin katifa
inda takardun haihuwar yara suke kwana.

Kwana goma sha biyu ina ƙirga azarar ɗaki.
Mai ruwa bai san ina jinya ba,
bido ɗaya kuɗinsa na nan yadda yake.
Mai gidan haya ya zo gaisuwa,
idonsa na kan buhun hatsi.

Da wata ya mutu na karɓi albashi,
ya yi rama fiye da ni.
Alhaji ya ce: kwanan da ba ka taɓa gari ba,
da me zan biya ka? Ciwo na Allah ne.
Na ce haka ne, Alhaji.
Ban ce dukiya ma tasa ce ba,
na haɗiye ta tare da ɗacin magani.

Baba Kyari, tsohon mai gadin gidan waya,
shi ya tsare ni a gindin dutsen unguwarmu.
Ya ce yaro, ciwon da lokotoro ya shaida
ba guduwa daga aiki ba ne,
akwai ofishin da aka kafa don irin wannan rana.
Jaki ma in ya yi gurgunta, ba a ɗauke masa dusa.

Na je. Benci, fanka mai kuka, mutum bakwai a gabana.
Matar ta ce, ina kwantaragi? Babu.
Ina lambar kes? Ban taɓa jin an yanka mini ba.
To wa zai ce shekara tara ka yi?
Na naɗe hannun riga.
Tabon tanda ne jere tun daga wuyan hannu har gwiwa,
wannan na shekarar da aka haifi Zali,
wannan na azumin da wuta ta yi ta ɗaukewa.
Ta daɗe tana dubawa.
Sai ta jawo takarda ta rubuta sammaci.

Alhaji ya zo, babbar riga na shan iska.
An yi lissafi a gabansa, ya ƙirga jikkuna da kansa,
yana lasar yatsa kamar kowace na cizonsa.
Ba duka na samu ba. Na samu na magani da na haya,
da suna a littafin ma'aikata, da alƙalami, ba da baki ba.

Na koma bakin tanda.
Alhaji ba ya amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga haɓa.
Jiya da dare Lawali na ta tari cikin ƙurar fulawa,
ya matso kusa, kamar zai karɓi gishiri,
ya ce, wai ofishin nan,
ta wace ƙofa ake shiga?