Allurai Marasa Kafa

Ƙarfe biyu na dare ya tashe ni,
ba ɓarawo ba, ba kunama ba:
babban yatsan ƙafar dama,
ya kumbura, ya yi jawur kamar gauta,
ko bakin mayafi ya shafe shi sai na yi salati.

Ƙafar nan ce ke ci da gidana.
Shekara ashirin da bakwai
tana taka keken ɗinki a Kasuwar Barci.

Sallau mai guga ya ce sammu na taka.
Goggo Kande ta aiko da man zafi.

A asibitin Tudun Wada aka ɗebi jini.
Takarda ta fito: yurik asid, biyar da ɗigo takwas.
Yaron da ya miƙo ta ya ce, "Baba, ai lafiya lau."
Na dubi takarda, na dubi yatsa.
Ɗayansu dai maƙaryaci ne.

Likita Talatu ta gyara tabarau.
"Ba wanda ya yi ƙarya, Malam Tanimu.
Ranar da gobara ke ci, lambar takan sunkuya.
Wani yana da tara a jininsa,
yana buga ƙwallo, ko gezau.
Lamba shaida ce, ba ita ce alƙali ba."

Sai tambaya, kamar mai awon riga:
Hanta da ƙoda? Kullum, bayan isha.
Lemun kwalba? Biyu, in rana ta take.
Ƙwayar hawan jini mai sa fitsari? Tun bara.
Mahaifinka fa?
Na tuna shi da takalmi ɗaya a hannu.

Ta zuƙi ruwan gaɓar, ɗigo guda,
ta ɗora a gilashi, ta ce in leƙa madubi.
Na leƙa.
Allurai!
Sirara, masu tsini, ba kafar zare.
Duk waɗanda na ɓatar a ƙarƙashin tebur,
ashe nan suka yi taro.

Bayan mako uku na koma da ƙafata.
Takwas da ɗigo shida.
Yanzu yatsa ya yi shiru, takarda ke ihu.

Ta rubuta magani, ta ce in riƙa shan ruwa.
Jiya na wuce mai tsire a Bakin Dogo,
ya ɗaga hanta a tsinke, ya kira sunana.
Na ɗaga masa hannu.
Ɗinkin Sallah na jirana.