Usur Ɗaya, Wuya Uku

Filin nan da kike tsaye a kai, Ladidi,
da can masu gadi ke shanya masara a wurin.
Malam Bitrus Yashim ya zo da buhun siminti shida
da ya roƙo shago-shago a Sabon Gari,
da zoben ƙarfe biyu
da wani mai walda a Tudun Wada ya lanƙwasa masa bashi.
Na gabas bai taɓa daidaita ba.
Har yau in za ki jefa daga hagu
sai kin lallashe shi.

Lissafi aka ɗauke shi koyarwa,
ƙwallon kwando kuwa ko sisi ba a ba shi.
'Yan mata bakwai ya tara, biyu da silifa,
ɗaya rakiya ta yo
ta ƙare da riƙe kambun shekara uku.
Wasan farko aka zura musu sittin da huɗu, su suna da tara.
Buɗe littafin ki gani:
taran ya rubuta da jan biro
ya ja mata layi biyu.
Shekara goma sha tara yana busa,
kofin da ya ɗaga na shayi ne kawai, a bakin ƙofar kwaleji.
Ranar sallama aka ba shi agogon bango.
Ga shi can a ɗakin ajiya. Bai tafi da shi ba.

'Yar rakiyar nan ita ce Uwani Tanimu.
Ita ta gaji usur.
Ta bi gidaje daga Gyallesu har Kwarbai,
ta durƙusa a zaure tana bayani
har iyaye suka gaji suka ce a je.
Ta zauna kan tela kwana huɗu
sai da wandunan suka sauko har idon sawu
ba su hana kowa tsalle ba.
Motarmu ta mutu a Kwanar Dangora,
muka tura, mu goma sha ɗaya, ita ce a gaba wajen ihu.
Muka isa Kano da baƙin mai a tafin hannu
muka ci da maki biyu.
Ni na jefa. Ban gani ba, idona a rufe.

Da damina ta zagayo wata babbar makaranta ta kira ta,
ta tafi.
Na ce ta sayar da mu.
Shekara biyu ban ɗaga wayarta ba,
sai da na zauna a kujerarta
na ga wata takwas na alawus ɗin da ba a biya ba,
da rasit ɗin takalma goma sha biyu
da sunanta a kai.

Nawa zamanin ba shi da labari sosai.
Na share ruwan sama da tsintsiya kafin kowane wasa,
na ɗinke raga da igiyar buhu,
mai faci na Ƙofar Doka ya san ƙwallayenmu ɗaya-ɗaya.
Mun ci, an ci mu, an fi cin mu.
Amma jiya a asibiti wata nas ta ɗaure min gwiwa
ta ce, Koci, har yanzu ina lanƙwasa ƙafa kafin in ɗaga nauyi.
Na manta sunanta. Lamba shida ce.

To karɓi.
Wannan tsagin haƙorin Malam Bitrus ne,
igiyar Uwani ta sauya,
ni ban ƙara masa komai ba sai gumi.
Ki wanke da ruwan zafi.

Makullin yana cijewa,
sai kin ɗaga ƙofar da gwiwa kafin ki murɗa.
Gobe huɗu da rabi, bayan la'asar.
Su Rifkatu za su makara, suna da gwaji.
Ki fara da waɗanda suka zo,
ko da uku ne.