Tsaba da Sanda

A Kwangwalam nake gadin famfo,
shekara tara makullin na rataye a wuyana.
Jikin tankin akwai allon ƙarfe:
hannu biyu suna musabaha,
da tutar wata ƙasa, ban san gabas take ko yamma ba.
Rana ta cinye launinta. Ruwa dai yana zuwa.

Ranar buɗewa an yanka sa.
Baƙon ya ce "sannunku" da Hausar da ya haddace a mota,
muka yi ta tafi har tafin hannu ya yi ja.
Suka tafi da ɗan Ladidi karatu.
Ya dawo da tabarau da agogo mai nuna lokacinsu,
in aka taɓa su a majalisa, shi ke fara tada jijiyar wuya.
Ba wanda ya nuna masa bindiga.
Baki ya ci, ido ya ji kunya.

Sai manya suka ɓata a wani zaure mai sanyi,
aka ja sarƙa a bakin iyaka.
Motar Gambo, buhu ɗari biyu na albasa,
kwana goma sha tara a rana,
ta yi tsiro, ta yi ruwa, ƙuda ya samu sarauta.
Ƙanwata a Matamaye ta haihu cikin duhu, an yanke wuta.
Goron suna ta ɓarauniyar hanya na aika,
a bayan babur, kamar kayan sata.
Rediyo ya ce sunan wannan takunkumi.
Mu nan a bakin jaki muka san shi.

Inna, Allah ya jiƙanta, in za ta kama kaza
ba ta gudu. Tsaba take watsawa,
tana ja da baya har bakin akurki.
Baba kuwa sanda yake ɗauka, a zaga gida ana haki.
Na daɗe ina tunanin wa kazar ta fi so.
Tukunyar dai ɗaya ce.

Jiya injin ya tsaya.
Wani ɗan ƙarfe ne ya cinye, bai kai yatsa ba.
An nema a Daura, an nema a Kano,
an ce sai can inda tutar ta fito,
kuma sai sun ga wa muka ɗaga wa hannu a taro.
Tun asuba mata suka jera jarkoki.
Na goge allon da hannun rigata,
na ƙura wa hannayen nan ido:
ashe ɗaya ya fi ɗaya matsewa.