Kuka Uku

Tsohuwar kwamfutar Baba Sallau,
wadda ta buga wa rabin ɗaliban Samaru furojet,
ta yi tsit. Kuka uku, allo baƙi ƙirin.

A Sabon Gari, Gambo ya zazzage gwangwanin madara:
"Irin wannan ram ɗin sai dai gwaji.
Biyu-biyu ake sa su, kamar takalmi."

Na goge haƙoransu da kilina,
na hure ramin, na yi atishawa.
Na danna. Ƙas.
Kuka uku.
Na musanya su,
Nepa ta ɗauke.

Bayan isha wuta ta dawo.
Kuka ɗaya. Allo ya waye,
ga sunan Baba a kusurwa.

Shi kuwa daga kan tabarma
ya ƙura min ido:
"Yaro, kai ɗan waye?"