Masu Saurare a Kwalkwalawa

Shekara talatin ina su a gulbin Rima,
ban taɓa kiran kifi da baki ba.
Ka zauna a kwalekwale, ka yi shiru,
in giwan ruwa ya gitta ta ƙasa
ruwan da kansa zai tsegunta maka.

Bana ɗiyata Bara'atu ta kafa sandunan ƙarfe
a bayan gonar albasar Malam Jaɓɓi.
Arba'in da takwas, na ƙirga,
kamar tsinken tsire aka soke a ƙasa.
Na ce, "Wa za ki kira da waɗannan?"
Ta ce, "Ba kira, Baba. Saurare."

Ashe muryar gidan rediyo
ba ta ƙarewa a teburin mai shayi.
Takan haura, ta wuce gajimare,
in ta yi karo da ƙarfe a can
ta dawo a rame,
kamar sallamar da aka yi cikin rijiya.
Ita sandunan ke tsinta.
Ko tari ba sa aikawa sama,
aron murya kawai suke yi.

Daren Laraba na kai mata tuwo.
Ta nuna min zane a fuskar kwamfuta,
siriri, kamar sawun tsutsa a laka.
"Wannan tauraron ɗan'adam ne, yana aiki.
Wancan ya mutu tun ba a haife ni ba,
bai daina gudu ba.
Na ukun ɓallin roka ne, girman ƙyauren ɗaki,
kafin ka ɗaure zariyar wando
ya kai Birnin Kabi."

A rediyo kuwa, lokacin,
wani daga Gwadabawa ke gaida surukarsa.
Gaisuwar ta je ta shafi gawar ƙarfe,
ta komo fadamarmu.
Bai sani ba. Surukar ma haka.

Na san irinsu a ruwa:
yagaggen koma da mai shi ya yar,
yana ta kamu, ba mai ɗiba.

Ta rubuta lokaci, ta rubuta hanya,
don kada mai rai ya ci karo da matacce.

Na fita na ɗaga kai.
Kaza da 'ya'yanta na gani, sai duhu.
Kwaɗi na ta kuka a fadama,
na kama kaina ina takawa a hankali
kada in dami sandunan.
Da na koma, tuwon ya huce,
ko malmala ɗaya ba ta taɓa ba.