Direban da Ba Ya Riƙe Sitiyari

Ƙarfe biyun dare a Dogon Dutse,
sanyin Jos ya ratsa bargo ya sami ƙashi,
shayi ya huce, na manta da shi.
Manhajar 'yan dankalin Farin Gada ta kusa kammala,
rumbun bayanai na can baki buɗe.
Saura mai jigila tsakaninsu.
Direba muke ce masa,
ko da yake bai taɓa shan man fetur ba.

Babana ya yi kamasho shekara goma sha tara a tashar Bauchi.
Yakan ce: bar duban fenti, yaro,
tambayi wa ke gyara ta in ta tsaya a daji.

Na farkon da na gwada ɗan wuta ne,
kafin in ɗaga yatsa ya je ya dawo.
Na leƙa gidansu.
Mutum ɗaya ya haife shi,
shekara uku ke nan bai waiwaye shi ba,
masu kuka sun yi layi a ƙofa, ba mai amsawa.

Na biyu Tasi'u ya yaba mini shi,
wai duk Abuja shi ake yayi.
Na ba shi saƙo: buhu goma, an ɓata.
Ya tsaya a hanya ya karye wa harafin ƙugiya,
ya isa rumbu ya ce: an bata.
An ba wa? Mama Kachollom ke kan layin.
Da gari ya waye a haka,
bashin buhu goma na wuyan matar da ta sha ba ni kabeji kyauta.

Na uku tsoho ne, tafiyarsa ta mai ɗauke da ƙwai.
Na ɗora masa ciniki, ana tsaka da tafiya
na fizge wayar da gangan,
yadda masu wuta ke yi mana ba sallama.
Bai zubar da rabi ya kai rabi ba.
Ya juyo da kayan duka ya ajiye gabana,
ya ce: ban kai ba.

Na daɗe ina kallon wannan magana.
Mutum nawa na sani da za su iya faɗinta?

Shi na ɗauka.
Tasi'u zai ce na tsufa da wuri.
Motocin Bokkos sun fara saukowa,
ina jin nishinsu a kan hawa.
Bari in ɗumama shayin nan.